Yatsan Namadi a Wuyan Zahara'u

Babban yatsan Namadi yana kan wuyanta ta gefen hagu, ƙasa da muƙamuƙi kaɗan, ya danne bai sassauta ba. Zahara'u tana zaune a bakin gado ta jingina da bango, hannunta na dama riƙe da yatsunsa biyu. Hantsi ya yi, 'yarsu Nana tana barci a kan tabarma.

"Ci gaba da magana, 'yar Kebbe," ya ce. "Kin tsaya ga saniyar da ta cinye zanen Gwaggo."

"Ba cinyewa ta yi ba... taunawa ta yi, ta tofar."

"To, sai mi?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta ji harshenta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ta so ta yi masa alama ya saki, ta kuma so ta ƙara daurewa ko kaɗan ne, don jiya ba su kai haka ba. Ɗakin ya fara duhu daga gefe. Yatsunta suka saki nasa.

A daidai nan aka yaye labulen ƙofa.

Gwaggo Atu ce, ƙanwar mahaifinta, ta biyo 'yan kasuwa daga Kebbe da ƙwaryar man shanu a ka. Ta yi sallama a tsakar gida ba a amsa ba, ta shigo kanta tsaye kamar yadda ta saba. Abin da ta gani shi ne 'yar ɗan'uwanta ta langaɓe, idonta na hagu ya yi jajir ya turo waje kamar zai faɗo, mijin kuma yana kanta da hannu a wuyanta.

Ƙwaryar ta faɗi ta tsage.

"Inna lillahi! Kashe ta kaka yi?"

Namadi ya riga ya janye hannunsa, amma wannan bai amfane shi da komai ba. Gwaggo Atu ta ture shi ya bugu da keken ɗinkinsa, ta rungume Zahara'u tana kiran maƙwabta. Ya yi ta cewa a saurare shi, magani ne, likita ne ya ce a yi. Babu wanda ya ji. Mata suka cika ɗakin, kowace ta dubi idon, ta dubi shatin yatsa da ya yi baƙi a wuyan, ta kama baki.

Zahara'u tana jin komai, harshen ne ya ƙi. Abin da ya fito daga bakinta gurnani ne marar kai, wanda ya ƙara wa Gwaggo kuka. Kafin maganarta ta dawo daidai an riga an kira Bube, ɗan Gwaggo Atu, daga kasuwar shanu, an ɗaure kayanta a zane, an goya Nana. Da azahar tana kan jaki a hanyar Kebbe.

Ta waiwaya. Namadi yana tsaye a ƙofar gida ba hula, maza sun riƙe shi.

Asalin abin a Kebbe ya faru, a gidan mahaifinta Malam Sambo, wanda take kira Baffa, lokacin da ta je goyon ciki. Bayan ta gama wankan jego, saura kaɗan ta koma ɗakinta, ta fita taya mata tatsa. Wata saniya mai sabuwar haihuwa ta harbe ta, ta faɗi, kanta ya bugi turke. Ta suma, ta farfaɗo, aka shafa mata man shanu a goshi, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Ta koma Tambuwal, garin mijinta, lafiya lau.

Sai ƙarar ta fara.

Fuu... fuu... fuu, a bayan idon hagu, tana tafiya tare da bugun zuciyarta, ba dare ba rana. Idan ta sunkuya wanke-wanke sai ta ƙaru. Matan unguwa suka ce iska ce, wata ta ba da shawara a nemo masu garaya. Idon ya fara ja, daga nan ya fara turowa a hankali. Mutanen Kebbe ba su ga wannan ba, don damina ta yi nisa, hanya ta yanke, ita kuma ta hana a aika. Ba munin idon ne ya fi damun ta ba. Nana kan farka a ɗaki ta fara ƙananan kuka, uwar tana tsakar gida ba ta ji ba sai kukan ya yi ƙarfi.

Namadi bai taɓa cewa iska ce ba. Shi ne telan da ya riƙa zuwa cin kasuwar Kebbe a da, ya ɗinka mata riga ya ɓata hannun da gangan don ta dawo gyara. Kowa ya ɗauka Bube za ta aura, ɗan gwaggonta, mai shanu kamar ubanta. Ta ce tela take so. Malam Sambo bai hana ta ba, amma Gwaggo Atu da ɗanta ba su manta ba.

Da aka ji Baturen likita ya zo rangadi ɗakin shan magani na En'e, Namadi ya lulluɓe keken ɗinkinsa ya kai ta. Likitan ya ɗauko abin nan da suke sauraron ƙirji da shi, amma a kan fatar idonta ya ɗora shi. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya yafito Namadi, ya sa masa a kunnuwa.

Zahara'u ta ga fuskar mijinta ta canza.

"Da wanga kika kwana, da shi kika tashi?" ya tambaye ta a hankali.

Ta gyaɗa kai.

Tafinta ya fassara musu bayanin. A gindin ƙoƙon kai, bayan ido, akwai babbar jijiyar jini da ke hawowa daga wuya zuwa ƙwaƙwalwa. Faɗuwar nan ta tsaga ta, jini yana bin inda ba hanyarsa ba, wurin ya kumbura kamar salka. Likitan ya ce bincike yake yi a kan cututtukan cikin kai, irin su ƙari da kumburin jijiya, don wasu likitocin ƙasarsu suna cewa ba a cika samun su a nan ba, shi kuwa yana ganin nema ne ba a yi ba. Ya roƙi izini ya ɗauki hoton idon, Namadi ya dube ta, ta yarda.

Tambaya ɗaya ta raɗa wa mijinta ya miƙa: za ta kai ta yaye 'yarta?

Likitan bai ɓoye ba. Idan aka bar shi idon zai mutu, ciwon yana iya tsallakawa ɗayan, wata rana kuma jijiyar tana iya fashewa, jini ya ɓalle ta hanci, ba mai iya tsayar da shi. Ya ja kunnensu kada kowa ya kusanci idon da aska. Maganin shi ne a ɗaure jijiyar daga wuya da zare, akwai kuma wani abokin aikinsa da ya ƙware a wannan, zai zo Sakkwato daga kudu bayan an gama yankan gero. Sai dai ƙwaƙwalwa ta saba sha daga wannan jijiya. Idan aka ɗaure ta farat ɗaya, rabin jiki yana iya mutuwa, ko magana ta ɗauke. Dole a fara koya wa kai shan jini ta ɗaya gefen.

Ya sa yatsa a wuyanta ya danna.

Ƙarar ta ɗauke.

Zahara'u ta ji kukan kaza a bayan katanga, ta ji numfashin mijinta. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Likitan ya kama yatsan Namadi ya nuna masa wurin. Kullum zai danna, yana ƙara tsawon lokacin kaɗan-kaɗan. Ita kuma ta riƙe yatsunsa da hannun dama, ta yi ta magana kada ta yi shiru. Da ya ji riƙon ya sassauta ko harshe ya yi nauyi, ya saki nan take. Ranar da ta iya jurewa tun daga ɗora tukunya har ruwa ya tafasa, ta isa a yi mata aikin ɗaure jijiyar.

Maganar ce ta fi ba ta wahala. A gidan da ta tashi mace ba ta zama ta dubi miji ta yi ta zuba, tun aurensu kuwa hirarta da shi ba ta wuce ga abinci, ga ruwan wanka. Ranar farko sunayen shanun Baffanta ta jera masa, da suka ƙare ta sake daga fari. Daga baya ta shiga labarai. Ya san bishiyar da ta faɗo daga kanta tana yarinya, ya san ta gane ɓata hannun rigar nan da gangan ne tun a ranar. Ta fara kiran sa Tela, shi yana ce mata 'yar Kebbe, wani lokaci dariya ta sa ya saki wuyan ba shiri.

Ba su gaya wa kowa ba. Namadi ya ce idan Kebbe ta ji Bature zai sa wuƙa a wuyan 'yarsu za a hana, gara a bari sai lokaci ya matso. Ita ma ta ga haka. Suka riƙa sakin labule.

A Kebbe ta faɗa wa Gwaggo Atu gaskiya tun a daren farko, ta maimaita da safe. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta shafa kanta.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyar ga. Haka marigayiya uwarki take, ko wuta anka sa mata ba ta tona asirin ɗaki. Amma wane likita ka cewa a shaƙe mutum?"

Haka abin ya zauna. Duk lokacin da ta ce bai taɓa dukan ta ba, sai matan gidan su dubi juna su yaba haƙurinta. Da ta ce saniya ce, suka ce ai sun ga lokacin da ta bar Kebbe da idanunta biyu garau. Da ta ce akwai ƙara a cikin kanta, suka ce mari ne ya taɓa kunnen. Yarinyar kirki dole ta rufa wa mijinta asiri, saboda haka rantsuwarta ma shaida ce a kansa.

Mutum ɗaya ne zai iya yanke maganar, shi ne Baffanta, Malam Sambo. Ita kuwa 'yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. Idan ya shigo gida ita takan shige ɗaki, idan dole ta kama ya ambace ta sai ya ce yarinyar nan. Ta san yana son ta, don tun tana ƙarama saniyar da ta fi kowace nono ita ake cewa tata ce. Amma magana a tsakaninsu sai ta bakin wani.

Da surukinsa ma haka ne, ba ya zama da shi fuska da fuska. Wanda ya shiga tsakani yana kai saƙo yana kawowa shi ne Bube.

Bube ya riƙa shigowa da yamma, ya tsaya a bakin ɗakin uwarsa inda Zahara'u za ta ji. Ya ce ya je Tambuwal, telan ya amsa laifinsa. Ya ce mutumin ko tambayar Nana bai yi ba. Ya ce da zarar an karɓi saki shi ba ya ƙyamar ido, gidansa a buɗe yake, yarinyar ma zai riƙe ta kamar tasa. Zahara'u ta lura dai duk ranar da ya ce ya je Tambuwal, ƙafafunsa ba su nuna tafiya ba.

Wata safiya matar maƙwabcinsu ta dawo daga rijiya, ta shigo gaishe ta, ta ajiye wani ɗan ƙunshi a gefen tabarma. 'Yar riga ce ta jarirai, shuɗiya. Zahara'u ta juya ta. Hannun hagu ya fi na dama tsawo.

Ta danne bakinta da rigar don kada a ji dariyarta, dariyar ta koma kuka.

Daga bakin matar ta ji sauran. Namadi ya ɗoro kekensa a kan jaki tun washegarin tahowarta, ya kafa shi a gindin tsamiyar kasuwar Kebbe. Ba mai ba shi ɗinki, wasu ko sallamarsa ba sa amsawa. A masallaci yake kwana. Kullum yakan tare Bube a hanya ya ba shi saƙo zuwa ga Malam Sambo, kullum Bube yana dawo masa da cewa Malam ya ce ba ya son ji.

Gero ya nuna a gonaki, an fara kwantar da shi. Tun zuwanta ba a danna wuyan ba, don Gwaggo ba ta barin ta ita kaɗai ko bayan gida za ta. Ƙarar ta ƙaru, idon ya daina rufuwa duka idan ta kwanta. Takan dubi Nana tana rarrafe tana kama ƙafar gado, ta yi ta lissafin wanda zai riƙe ta. Gwaggo ta tsufa. Matar da Namadi zai aura nan gaba, ba ta san ta ba.

Sai aka gaya mata Baffa ya yanke shawara biyu, duka a rana ɗaya. Wanzami zai zo da safe ya yi tsaga a gefen idon, ya kafa ƙaho ya zuƙe mataccen jinin duka. A zaure kuma za a kira Namadi gaban liman, ya sawwaƙe mata.

Ta ce wa Gwaggo aska a wurin nan ajalinta ce. Gwaggo ta ce tsoro ne, ita ma an yi mata tana budurwa.

Da safe wanzami ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya buɗe zabira, ya fara wasa aska a tafin hannunsa. Aka ce ta fito. Zahara'u ta shayar da Nana har ta ƙoshi, ta goya ta, ta ɗaure zanen sosai. Ta fito, ta wuce wanzamin, ta wuce Gwaggo da ke kiran ta, ta nufi zaure.

Ba a taɓa ganin mace a zauren nan maza suna zaune ba.

Malam Sambo yana kan buzu ya ba ƙofar waje gefe, don kada ya haɗa ido da surukinsa. Liman yana tsakiya, Bube a kusa da shi. Namadi yana durƙushe a bakin ƙofa, ya rame, rigarsa ta yi datti. Da ya gan ta ya yunƙura, ya koma.

Ta je gaban mahaifinta ta durƙusa, kusa da shi fiye da yadda ta taɓa yi.

Malam Sambo ya kawar da kai, ya ce wa liman a gaya wa yarinyar nan ta koma ciki.

"Baffa," ta ce. "Ban taɓa roƙon ka komi ba. Yau nika roƙon ka abu guda. Ka sa kunnenka nan."

Ta nuna gefen idon.

Bube ya ce ciwon ya taɓa mata hankali, a kama ta. Liman ya ɗaga masa hannu.

"In ka saurara ba ka ji komi ba, ni da kaina zan ce shi sake ni, in koma in zauna gaban wanzami. Amma in aska ta taɓa ni ba ka saurara ba, Baffa... kai za a bar wa jikarka."

Malam Sambo yana duban ƙasa, carbinsa ya tsaya a hannu. Nana ta miƙo hannu daga goyo ta kama bakin rawaninsa ta ja. Bai ƙwace ba.

A hankali ya sunkuyo. Zahara'u ta rufe ido. Ta ji gemunsa a kumatunta, ta ji ƙamshin hayaƙin garke a rigarsa, ta ji kunnensa ya manne a gefen goshinta.

Ya daɗe a haka. Da ya yi magana, ba da kowa yake ba.

"Awa zugazugin maƙera..."

"Kada ka ɗaga, Baffa," ta ce. Sannan, a gaban ubanta da liman, ta kira mijinta. "Tela, taho."

Namadi ya matso da gwiwoyinsa, kansa a ƙasa. Ya lalubo wurin a wuyanta da yatsa. Ya danna. Ta ji jikin Baffanta ya ƙame. Namadi ya saki, ƙarar ta dawo. Ya sake dannawa, ta ɗauke.

Malam Sambo ya ɗago, ya koma ya zauna. Ya ce wa liman a tambayi yaron nan mene ne wannan. Namadi ya yi bayani duka, tun daga turke har zuwa likitan da ake jira a Sakkwato, da abin da aska za ta yi. Malam ya ce a tambaye shi me ya hana shi aiko da wannan magana tun farko.

Namadi ya ce ya aiko, kullum yana aikowa. Bai ambaci suna ba.

Malam Sambo ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa. Duban kawai ya yi. Bube ya fara cewa shi ya ga maganar ba ta kama hankali ba ne, ya ga ba wanda yake sauraron sa, ya tashi ya ɗauki sandarsa ya fita.

Aka ba wanzami goronsa ya naɗe zabira. Hukuncin Malam, ta bakin liman, shi ne: ita da mijinta sun yi laifi da suka ɓoye wa iyaye abu irin wannan, kuma bai yafe wannan ba tukuna. Za a ci gaba da dannawar, amma a gidansa, a tsakar gida, a gaban Gwaggo Atu. Idan lokaci ya yi a kai ta Sakkwato. Maganar komawarta ɗakinta kuwa, a bar ta sai an ga abin da Allah ya yi.

Haka aka yi. Kullum da hantsi Namadi yakan shigo da sallama, Gwaggo ta ɗora tukunya ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne tana harararsa. Sun koma baya sosai, ranar farko ko wuta ba ta gama kamawa ba riƙonta ya saki. Ga shi kuma dole ta yi magana, ga gwaggonta a zaune. Ta koma jera sunayen shanu. Gwaggo ta jure kwana biyu, a na uku ta ce wannan saniyar ai an sayar da ita tun bara, idan labari za a yi a yi na gaskiya. Daga ranar ita ke tsokano hirar, ita ke kuma fara cewa ya saki idan ta ga leɓen Zahara'u ya karkace. Ba ta ba Namadi haƙuri ba. Ta dai fara ajiye masa fura.

Ranar da ruwan ya tafasa Zahara'u tana tsakiyar labari, yatsunsa a damƙe a hannunta, Gwaggo ce ta yi guɗa.

A Tambuwal suka hau babbar mota zuwa Sakkwato, ita da Namadi da Gwaggo mai riƙon Nana. Sai da motar ta kusa tashi suka ga Malam Sambo ya hau baya cikin buhuna, shi da bai taɓa shiga mota ba. Ya ce wa yaron mota yana da wata buƙata a birni.

Likitan da ya zo daga kudu ya ce ba za a sa ta barci ba. Allurar kashe zafi za a yi mata a wuya, don yana so ya riƙa jin maganarta lokacin da zai matse jijiyar, idan ta sarƙe ya sassauta. Aka kwantar da ita, aka kafa ƙyalle tsakanin fuskarta da wuyanta. Tafinta ya yi mata tambaya, ta dubi baƙin fuskoki a rufe da farin ƙyalle, bakinta ya ƙi buɗewa. Likitan farko, mai binciken, yana wurin. Shi ya ce a wanke wa mijin hannu, a sa masa riga, a shigo da shi.

Namadi ya tsuguna a daidai kanta, ya ba ta yatsunsa biyu.

"'Yar Kebbe, ba a ba ni ɗinki ba tun da nib bar gida. Mi za mu ci in mun koma?"

Ta ce shi ya sani, wa ya aike shi kafa keke inda ba a son shi. Ya ce wata mai jan ido ce ta aike shi. Ta ce idan ta tashi zai maimaita. Tana jin ana jan wani abu a wuyanta, ba zafi, sai nauyi. Ta shiga lissafa masa abin da za a yi: a sake yaɓen ɗaki, a sayo wa Nana ɗan kunne, a mayar wa Gwaggo ƙwaryarta. Tana cikin maganar ƙwaryar ƙarar ta ɗauke.

Ta yi shiru don ta saurara.

"Zahara'u... Zahara'u, yi magana."

"Ina nan, Tela. Ka bari in ji shirun mana."

Ta matse yatsunsa har sai da ya ce wash. A bayan ƙyallen likitocin suka yi wata magana da harshensu, ɗayan ya yi dariya.

Idon ya koma mazauninsa a hankali, jan ya washe, amma ganinsa bai dawo duka ba, sai inuwa-inuwa. Likita ya ce watakila haka zai zauna, ya kuma ce su riƙa zuwa duk lokacin rangadi ya duba ta, don abin da ya gani a kanta zai amfani wasu. Zahara'u ta rufe idon dama ta gwada na hagun a kan Nana, ta buɗe, ta ce wanda ya rage ya ishe ta tsefe kai da tsintar tsakuwa a gero.

Malam Sambo bai shiga ɗakin marasa lafiya ba ko sau ɗaya. A gindin wata bishiya yake wuni, daidai tagar da gadonta yake. Ranar da aka ce za a sallame su, tana kwance ta ba tagar baya tana shayar da Nana, ta ji takun Namadi a waje, ta ji ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ba liman, ba ɗan aike.



"An ce gobe za a sallami yarinyar nan," in ji Malam Sambo.

"Haka anka ce, Baffa."

"To. In mota ta tsaya, ka sauke iyalinka."

"Tambuwal, Baffa... ko mu wuto Kebbe?"

"Ina ɗakinta yake?"

A hankali ya faɗe ta, yana duban wani wuri, kamar yadda yake yin duk maganar da ta shafe ta. Zahara'u ta ji shi sarai. Ta gyara wa Nana kwanciya, ta ce wa Gwaggo a fara haɗa kaya.